In Kunne Ya Ji, Inji Ya Tsira: Ƙas-Ƙas A Injin Ƙananan Motocin Kaya

Duk wanda ya saba shiga manyan kasuwannin ƙasar nan, tun daga Mile 12 ta Ikko har zuwa Dawanau ta Kano, ya san ƙananan motocin nan na ɗaukar kaya masu gajeren kai da buɗaɗɗen baya, waɗanda sau da yawa akan kira su Hijet ko da wani kamfanin ne dabam ya ƙera su. Su ne ke raba ruwan leda da burodi kanti-kanti, su ne kuma ke kutsawa lungun da babbar mota ba ta iya juyawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, ƙarancin shan mansu ya ƙara musu daraja wurin masu ƙaramin jari.

To, mutumin da cin gidansa ya dogara a kan irin wannan mota, babu abin da ke tsinka masa zuciya kamar ya tayar da ita da sassafe ya ji wani baƙon sauti, ƙas-ƙas-ƙas, yana fitowa daga ƙarƙashin kujerarsa. Daga nan mutane sukan kasu biyu. Wani ya toshe kunne ya ci gaba da lodi, har ranar da injin zai buga a tsakiyar hanya da kayan mutane a kai. Wani kuwa ya ruga gareji a firgice, a ce masa sai an sauke inji, ya kashe kuɗin wata uku a kan abin da watakila sifana ɗaya za ta gyara cikin rabin sa'a. Dukansu biyu sun yi hasara ne don ba su tsaya sun saurara ba. Ƙas-ƙas iri-iri ne, akwai wanda ba ya cutarwa ko kaɗan, akwai mai iya jiran ƙarshen mako, akwai kuma wanda ba ya jiran ko minti biyar, kuma mai mota da kansa yana iya rarrabe yawancinsu kafin a kwance ko noti ɗaya.

ASALIN MOTOCIN

Kafin mu shiga maganar sauti ya kyautu mai karatu ya san irin injin da yake zaune a kansa. Asalin waɗannan motoci ƙasar Japan ne. A shekarar 1949 gwamnatin can ta keɓe wani rukuni na ƙananan motoci, ta sassauta musu haraji domin manoma da masu ƙananan sana'o'i. Daihatsu ta fito da Hijet a 1960, Suzuki ta fito da Carry a 1961, a shekarar ce kuma Sambar ta Subaru ta fito. Minicab ta Mitsubishi ta biyo baya a 1966, sa'an nan Acty ta Honda a 1977. Doka ta ƙayyade girman injinsu: da can cc 360, aka ɗaga zuwa 550 a 1976, aka kuma kai shi 660 a 1990. Nauyin kayan da aka yarda su ɗauka kilo 350 ne kacal, watau buhun siminti bakwai.

Akwai kuma 'yan uwansu da aka ƙera a wasu ƙasashe, kamar Porter wadda kamfanin Piaggio ya fara yi a Italiya a 1992 bisa tsarin Hijet, da Labo ta Koriya wadda aka ɗauko daga Carry. Injinsu ya ɗan fi girma, amma abin da za mu faɗa ya shafe su duka.

Yawancin na Japan silinda uku gare su, in ban da tsohuwar Sambar mai huɗu. A Carry da Hijet da Minicab injin yana ƙarƙashin kujera ne, a Acty yana ƙarƙashin dandamalin kaya, a tsohuwar Sambar kuwa can baya yake. Wannan ya sa direban Carry ko Hijet yakan ji 'yan ƙananan sautukan da mai babbar mota ba zai taɓa ji ba, don tsakaninsa da injin bai wuce kaurin katifar kujera ba. Abu na biyu, ƙaramin inji ba ya samun ƙarfi sai da saurin juyi, saboda haka a kan babban titi tsofaffin cikinsu sukan yi juyi 4,000 ko fiye a minti guda. Abu na uku, baƙin man da ke cikinsu wajen lita 3 ne, wasu ma ba su kai haka ba. In lita ɗaya ta ragu, sulusin man ke nan ya tafi.

A FARA DA MAI

Saboda haka ƙa'ida ta farko, da zarar ka ji sabon sauti, kashe motar a wuri mai daidaito, ka ba ta 'yan mintoci, ka zaro sandar awon mai ka duba. Kamshaf da bawul suna can saman injin ne, su ne na ƙarshen samun mai, su ne kuma na farkon yin kuka in ya yi ƙaranci. Sau da yawa cika mai kaɗai yana kashe maganar. Amma fa sai ka tambayi kanka inda man ya tafi, yoyo ne ko ƙonewa.

Sa'an nan ka lura da 'yar jar fitilar nan mai siffar buta a gaban sitiyari. Ya kamata ta kama in an murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi. In tana ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi, ga kuma ƙas-ƙas, to, kada ka ƙara ko taku ɗaya. Ma'anarsa mai ba ya zagawa da ƙarfin da ya kamata, ko dai rariyar da ke tsotso shi daga ƙasa ta toshe da dauɗa, ko famfon man ya gaji, ko ƙarafan ciki sun cinye. Kuɗin janwe ya fi sauƙi a kan kuɗin sabon inji.

TAMBAYOYI UKU

In mai ya cika kuma fitila lafiya lau, sai a koma ga kunne. Likita ba ya yanka majiyyaci sai ya yi masa tambayoyi, haka ma inji. Tambayoyin uku ne: sautin yana bin me, yaushe yake zuwa, daga ina kuma yake fitowa.

Ta farko ita ce mafi sauƙi. Tsayar da motar, ka ja birkin hannu, ka cire giya, ka taka totur a hankali. In sautin ya ƙara sauri tare da injin, to, na inji ne. In kuwa ba ya zuwa sai mota tana tafiya, kuma saurinsa yana bin saurin taya, ka bar injin ya huta. Duba ko tsakuwa ce ko ƙusa ta maƙale a taya, ko wayar agogon gudu ce ta bushe. A masu jan ƙafa huɗu, ƙas-ƙas da ke zuwa sa'ad da aka karya kwana yakan fito ne daga gaɓar shaf ta gaba wadda robarta ta yage. In kuma sautin yana canjawa sa'ad da ka taka kuloci, wajen kuloci za a nema.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A Japan hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Mu kuwa tun 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama, don haka motar da ta zo daga can sai an juya mata sitiyari. Wajen wannan aiki akan karkatar da wayoyi da bututai, wani lokaci a bar su ba maɗauri. Bututun da ke taɓa jikin mota, ko faifan kare zafin salansa da ya saki, yana iya yin sautin da za a rantse daga cikin inji yake. Dafa shi da sanda, in ya yi tsit ka sami ɓarawonka.

Har yanzu a kan tambaya ta farko, akwai wani lissafi mai amfani. Karanshaf yakan juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. In inji yana silo, watau yana aiki ba a taka totur ba, a kan juyi 900 a minti, to, kamshaf yana yin 450, kowane bawul kuwa yana buɗewa sau bakwai zuwa takwas a daƙiƙa guda. Sautin da kake iya bi da kunne ɗaya bayan ɗaya, kamar na keken ɗinki, mai siriri kuma daga sama, galibi na wajen bawul ne.

Tambaya ta biyu ita ce ta lokaci: da sanyin safiya ne kaɗai, ko sai inji ya yi zafi, ko sai an ɗora kaya ana hawan tudu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makaniki yana ganin motar ne na sa'a ɗaya, kai kuwa kullum kana cikinta, don haka amsar wannan tambaya a bakinka take.

Ta uku kuwa sai da kayan aiki, amma ba mai tsada ba. Sami doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a jikin inji, ka kara ƙotar a kunnenka. Bi wurare ɗaya bayan ɗaya: murfin bawul, gindin kowace nozul, gaban inji wajen bel, sa'an nan can ƙasa wajen kaskon mai. Inda sautin ya fi fitowa ƙarara, nan ne gidansa. Amma a yi hattara ƙwarai. A naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga da rawani, domin bel ba ya jin ban haƙuri.

WAƊANDA BA SU DA HATSARI

Ba kowane ƙas-ƙas ne ciwo ba. Motocin da suka bar kafireta suka koma nozul, kowace nozul tana buɗewa tana rufewa da ɗan sauti siriri mai tsari, kuma aikinta ke nan. In ka kara sukudireba a kan dukansu ka ji sautinsu iri ɗaya, to, lafiya ce. Wadda ta yi shiru ita ce abin tuhuma. Haka kuma wasu masu kafireta suna da famfon fetur na lantarki, wanda kan yi ƙas-ƙas da zarar an murɗa makulli tun inji bai tashi ba. Tsohon inji kuma yakan yi ɗan ƙwal-ƙwal mara ƙarfi da sanyi saboda fistan ya ɗan yi sako-sako a cikin silinda, ya daina bayan 'yan mintoci. Mai wannan yana iya daɗewa yana aiki muddin ana kula da mai.

MAGANAR BAWUL

Mafi yawan ƙas-ƙas na gaskiya a waɗannan motoci daga tazarar bawul yake, abin da makanikai ke kira tafet. Masu ƙera injin da gangan suka bar 'yar tazara tsakanin bawul da abin da ke danna shi, wadda ba ta kai rabin milimita ba, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Da tafiya ta yi tafiya tazarar takan buɗe, sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. Sautin yakan fi fitowa da safe, amma ba ya ɓacewa ɗungum ko inji ya yi zafi.

Gyaransa ya danganta da irin injin, kuma sunan kowane inji yana buge a jikinsa. F6A na tsohuwar Carry, da E07 na Acty, da EN07 na Sambar, duk suna da noti da ɗan sukuru da ake juyawa a daidaita tazarar. K6A kuwa, wanda ya gaji F6A a cikin Carry, babu abin juyawa. Wasu 'yan ƙarafa ne masu kama da kwabo ake aunawa a musanya da masu kaurin da ya dace. Kowane inji da nasa awon, na bawul ɗin shigar mai dabam, na fitar hayaƙi dabam, kuma da siraran ƙarafan awo ake gwadawa.

A nan ne babban kuskure yake faruwa. Wani makaniki, don ya faranta wa mai mota rai, sai ya ɗaure tazarar da kunne har sautin ya mutu murus. Mai mota ya biya yana murna, alhali an haƙa masa rami. Bawul ɗin fitar hayaƙi yana huce mafi yawan zafinsa ne in ya zauna daram a mazauninsa. In babu tazara ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa. Daga nan mota ta fara rawa a silo, ta ƙi tashi da safe, ƙarfi ya ragu. A inji mai silinda uku, mutuwar ɗaya sulusin ƙarfi ne. Bawul mai ɗan surutu ya fi wanda aka shaƙe lafiya nesa ba kusa ba.

HAYAƘI DA FULOGI

Akwai wani sauti mai kama da na bawul ƙwarai har yakan ruɗi gwanaye, amma in an kasa kunne za a ji yana da ɗan huci, fas-fas-fas. Yakan yi ƙarfi da safe, ya ragu ko ya ɓace in inji ya yi zafi. Wannan hayaƙi ne ke tsere wa ta inda bututun salansa ya haɗu da kan inji, ko don gaskit ya ƙone, ko noti ya karye, ko ƙarfen ya tsage. Zafi yakan kumbura ƙarfen ya rufe kafar, shi ya sa sautin ke tafiya. Alamarsa baƙin toka a gefen mahaɗar. In an shafa ruwan sabulu a wurin tun inji yana da sanyi, aka tayar, za a ga kumfa.

Kada a raina wannan don injin ba zai buga ba. A cikin hayaƙin mota akwai iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ga shi kuma injin yana ƙarƙashin kujera. Direban da ke fama da ciwon kai da gyangyaɗi a kan hanya, musamman lokacin hunturu ko damina sa'ad da ake rufe gilasai, ya binciki salansarsa tun da wuri. Wannan magana ce ta rai.

Fulogin da bai ɗauru ba shi ma yakan yi irin wannan huci. A ɗaure shi inji yana da sanyi, kuma a fara murɗawa da hannu, domin kan injin na alminiyam ne, haƙoransa ba su da wuyar lalacewa. Wayar fulogi da ta tsage kuwa takan yi ƙyas-ƙyas na tartsatsi, kuma in an duba da dare za a ga shuɗiyar wuta tana tsalle.

GABAN INJI

In sukudireba ta nuna gaban inji, sai a tambaya: bel ne ke juya kamshaf ko sarƙa? F6A, da EF na Hijet, da 3G83 na Minicab, da E07, da EN07, duk bel ne. K6A da KF na sababbin Hijet sarƙa ce. Sarƙar da ta saki takan yi kacau-kacau na 'yan daƙiƙoƙi in an tayar da mota, kafin mai ya iso. In ya fara daɗewa, lokacin canji ya yi. Bel kuwa shi kansa ba ya yawan magana, abokan tafiyarsa ne ke yi, watau 'yar tayar da ke ɗaure shi da famfon ruwa. A Japan akan canja shi bayan kilomita 100,000, a manna 'yar takarda a jikin murfinsa. In ba ka ga takardar ba, ɗauka ba a canja ba. A yawancin waɗannan injuna in bel ya tsinke ana tafiya, fistan zai daki bawul ya lanƙwasa shi.

Don a tabbatar ba daga fanbel ko abin cajin batir sautin yake ba, makaniki yana iya cire fanbel ya tayar da inji mai sanyi na ƙasa da minti ɗaya. In sautin ya tafi, an huta da buɗe ciki.

WAƊANDA BA SU JIRA

Sauti biyu ne ba a wasa da su. Na farko kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma ba ya zuwa sai an danne totur da kaya a kan tudu irin Hawan Kibo. Fetur ne ke fashewa a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, saboda zafi ya yi yawa, ko an gaggauta lokacin wuta, ko dauɗar hayaƙi ta taru a kan fistan, ko man ba shi da kyau. In aka ci gaba yana iya fasa ringi ko ya huda fistan. Maganin gaggawa a sassauta ƙafa a koma ƙaramar giya, sa'an nan a duba lagireto da saitin wuta. Amma gaskiyar magana, motar da aka yi don buhu bakwai in aka ɗora mata ninkin haka, dole ta koka.

Na biyu shi ne ƙwal-ƙwal mai nauyi daga can ƙasa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da guduma, wanda ke ƙaruwa in inji ya yi zafi ko an ɗan taka totur an saki. Wannan alama ce ta cewa 'yan ɓawon ƙarfen da ke tsakanin karanshaf da sandar fistan, waɗanda makanikai ke kira metal, sun cinye. Ana gwada shi ta hanyar kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, a zare wayar nozul ko ta fulogi da abin riƙo mai roba. In sautin ya ragu sa'ad da aka kashe wata, ita ce mai ciwon. A juye man a faranti a kai rana, in yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, magana ta ƙare. Wanda ya tsaya a nan zai sayi metal ne a gyara karanshaf. Wanda ya ci gaba kuwa sandar fistan za ta fasa jikin injin, sai dai ya nufi Ladipo ko Nkwo Nnewi ko Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani.

Wajibi ne mu yi gargaɗi game da dabarar nan ta zuba mai mai kauri ƙwarai, ko wani haɗi mai yauƙi kamar zuma, don a kashe sauti. Sautin yakan ragu, amma abin da ya cinye ya riga ya cinye. Hanyoyin mai na waɗannan injuna ƙanana ne, mai mai kauri yakan yi jinkirin isa sama da safe, sai a gyara ƙasa a ɓata sama. A zuba irin man da aka ƙayyade wa injin, a sayo shi inda aka amince, kuma saboda ƙurarmu da zafinmu da yawan lodi, kada a wuce kilomita 5,000 ba a juye shi an canja matatarsa ba.

GA MAI SHIRIN SAYE

Mai niyyar sayen irin wannan mota ya je da sassafe, ya ɗaga kujera ya taɓa injin da hannunsa. In ya ji ɗumi, an riga an tayar, ya dawo gobe, domin yawancin sautukan da muka lissafa da sanyi suke bayyana. Ya murɗa makulli ya tabbata jar fitilar mai ta kama, don akwai masu cire ƙwanta. Ya zaro sandar mai ya murza tsakanin yatsunsa ya ji ko an yi masa kauri. Kada kuma ya dogara da agogon tafiya, domin na tsofaffi da yawa lamba biyar gare shi, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri.

Ga wanda ya riga ya mallaka kuwa, in zai je gareji ya tafi da amsoshinsa uku a baki: abin da sautin ke bi, lokacin da yake zuwa, da inda yake fitowa. Ya nemi a fara da mai araha kafin mai tsada, mai da fulogi da salansa da bawul, kafin a yi zancen sauke inji. Makanikin kirki ba zai ji haushin wannan ba, sauƙin aiki ma aka yi masa. Wanda kuwa ya yanke hukunci tun bai kara kunne ba, a nemi wani ya sake dubawa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.